Sabon Kaya da Sabuwar Hanyar Aiki

Ran kasuwa, in an aike ku sayen gishiri ko tattasai, kada ku koma gida sai kun biya ta rumfar maƙera. Ku tsaya daga gefe, inda tartsatsin wuta ba zai same ku ba. Ku gai da mutane, sa'an nan ku buɗe ido. Ko a Madawa ne, ko a Buza, ko a Keita, ko a Tamaske, abin da za ku gani kusan ɗaya ne. Ga hauya da kwasa da sungumi an jera a ƙasa. Ga gatari, ga lauje, ga wuƙa. Can gaba kaɗan ga mai walda yana haɗa ƙofar ƙarfe, yaransa suna ɗaura wa amalanke ƙafa. Ga kuma mai zubin tukwane, ya jera tukwanensa farare tas, ƙanana bisa manya.

Ku ɗauki hauya guda ku duba. Kakanninku sun san wannan hauya, da irinta suka yi noma. Amma ƙarfenta ba irin nasu ba ne. Su daga dutse suka fid da nasu. Wannan kuwa, bara waccan yana jikin wata tsohuwar mota. Kayan na da ne, hanyar yinsa ce ta sake.

Yanzu ku dubi amalanke. Kakan kakanku bai taɓa ganinsa ba. A zamaninsa jaki da raƙumi da takarkari ke ɗaukar kaya. Amalanke sabon kaya ne.

Ke nan sabon abu iri biyu ne a cikin sana'a. Akwai sabon kaya, wato abin da ba a saba yi ba. Akwai sabuwar hanyar aiki, wato a yi abin da aka saba, amma da sauri, ko da araha, ko da inganci fiye da da. Mai saye yana ganin na farko da idonsa. Na biyu kuwa ba ya ganinsa, sai dai ya ji shi a aljihunsa. Mai sana'a dole ya san lokacin da zai shigo da kowanne, da yadda zai shigo da shi ba tare da ya karye ba.

Zamanin tama

Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce. Bisa tuddanta akwai wani dutse ja-ja, mai nauyi, ana ce masa tama. A cikinsa ƙarfe yake. Da can, in an gama aikin gona, maƙera sukan taru su fita daji. Waɗansu su tono tama su farfasa ta. Waɗansu su sare itace mai ƙarfi, kamar ƙirya, su yi gawayi. Sai a gina dogon murhu na laka, a zuba gawayi, a zuba tama, a sa wuta. In wuta ta gama cinta, a tarar da curin ƙarfe haɗe da datti. A fasa shi, a raba, kowa ya kai maƙerarsa. Aikin yana da sharuɗɗa da asirai, ba kowa ake bari ya matso ba. Har yau, in kuna kiwo, kuna iya tarar da tulin baƙin kashin tama a daji. Wurin aikinsu ke nan.

A shekarun 1960 wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta zauna a Adar tana nazarin aikin maƙera. A lokacin an riga an bar narka tama. Tsofaffin da suka san aikin ne suka sake yinsa, aka ɗauka a silima. Me ya sa aka bari? Lissafi ne. Kafin a sami curi guda, sai mutane da yawa sun yi kwanaki suna wahala, sai an ƙone itace mai yawa. Da motoci suka yawaita, tsohon ƙarfe ya cika kasuwa. Mutum ɗaya yana iya sayen abin da zai ishe shi wata guda, ya aza wa jaki ya kai gida.

An sami sauƙi, itatuwa ma sun huta. Amma an yi hasara biyu. Sanin narka tama ya bi tsofaffi kabari. Kuma maƙerin da ke samun ƙarfensa a bayan gari ya koma jiran abin da mota za ta kawo, a kan kuɗin da waɗansu suka yanka.

Sabon ƙarfen ya zo da nasa karatu. Ba duka ne iri ɗaya ba. Faffaɗan ƙarfen nan da ke ƙarƙashin mota, wanda ke hana ta girgiza, yana da tauri ƙwarai. Shi ya dace da gatari da wuƙa, amma in aka tsoma shi a ruwa ba bisa ƙa'ida ba, sai ya tsage. Ƙarfen duro kuwa laushi gare shi, yana lanƙwasuwa, ba ya riƙe kaifi. Maƙeri ya koyi gane su ta wurin ƙara, da irin tartsatsin da suke yi a dutsen washi. Zuga-zugin fatar akuya ma, a rumfuna da yawa, ya ba da wuri ga fanka da ake juyawa da ƙafar tsohon keke. Yaro ɗaya yana juya ta da hannu guda bai gaji ba.

Garma da amalanke

A 1962 gwamnati ta kafa UNCC, hukumar da ke kula da ƙungiyoyin manoma da ba su bashi. Daga baya aka buɗe ma'aikatun ƙera kayan noma a manyan garuruwa. Ta Tawa sunanta ACREMA. A shekarun 1970 da 1980 an ba manoma da yawa kayan noman shanu bashi: garma, da abin shuka, da amalanke.

Masu shirin sun fi sa rai ga garma. Manoma kuwa amalanke suka fi riƙewa. Ku yi tunani, za ku gane dalili. Garma tana aiki makonni kaɗan a shekara. A jigawa ba a matsu da ita ba, a kan dutse kuma ba ta shiga. Amalanke fa? Yau ya kai taki gona, gobe ya ɗebo ruwa, jibi ya kai albasa bakin hanya. Ya ɗauko kara, ya ɗauko dutsen gini, ya kai mai naƙuda likita da tsakar dare. In mai shi ba ya da kaya, ya yi wa wani dako a biya shi. Da fari na 1984 ya zo, shanu suka mutu ko aka sayar, garmuna da yawa suka kwanta a bayan rumbu, bashi kuwa yana nan.

Masu walda na ƙananan garuruwa sun ga inda kasuwa ta nufa. Suka shiga yin amalanke da kansu, suna gyara shi bisa ga abin da masu saye ke faɗi. Suka rage nauyi don jaki ɗaya ya iya ja. Suka sa ƙafafun tsofaffin motoci, waɗanda kowane mai faci ya san gyaransu. Wannan na ƙarshe babban abu ne. Kayan da in ya lalace sai an aika birni kafin a sami abin gyara, bai daɗewa a ƙauye.

Murhu Mai Sauƙi

Ga labarin da na fi so ku riƙe, don a cikinsa iri biyun nan suka haɗu.

Bayan fari na 1973 itace ya yi wuya. Kun san layukan dogon yaro da ke kwarin Majiya, a ƙasar Buza. A 1975 aka fara shuka su, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da mutanen ƙauyuka, don su tare iska. A 1984 kuma aka fara babban aikin Keita da taimakon Italiya, mata suka kwashi duwatsu a ka, aka shuka itatuwa masu ɗimbin yawa. Amma shuka kaɗai ba ta isa in ana ƙonewa ba lissafi. Saboda haka a shekarun 1980 aka fito da wani murhun ƙarfe a Nijar, aka sa masa suna Mai Sauƙi.

Ku dubi murhun duwatsu uku. Wuta tana ci, harshenta yana fita ta kowane gefe, iska tana kwashe zafin. Kaɗan ne ke shiga tukunya. Shi Mai Sauƙi bango gare shi na ƙarfe, wanda ke kewaye tukunya. Zafi ba ya da hanyar fita sai ya bi ta ɗan tsakanin da ke tsakanin bangon da tukunyar, yana shafar jikinta har sama. Duk asirin yana ga wannan ɗan tsakani. Misalin santimita guda ne. In ya yi faɗi, zafi ya gudu, an koma gidan jiya. In ya matse, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya cika gida. Don haka kowace tukunya da murhunta: tukunya lamba 2 da nata, lamba 3 da nata.

To, a nan wuyar take. Maƙerinmu da ido ya saba aiki. In hauya ta ɗara ƴar uwarta da rabin yatsa, ba wanda zai yi magana. Amma in aka ƙera murhu goma da ido, za a sami girma iri goma, watakila biyu kaɗai ne za su rage cin itace. Sauran takwas suna da siffar Mai Sauƙi, ba su da aikinsa. Matar da ta sayi ɗaya daga cikinsu za ta gaya wa maƙwabtanta ƙarya ne, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ashe sabon kayan ba ya yiwuwa sai da sabuwar hanyar aiki. Aka kawo ma'auni. Ma'auni fallen ƙarfe ne da aka yanke daidai da siffar kowane ɓangare na murhun: na bango, na gindi, na ƙofa. Kowace lamba da nata. Sai a buɗe duro a daddale shi, a aza ma'auni a kai, a bi gefensa da ƙusa a zana, a yanke bisa zane. Kafin a yanke, mai wayo yakan jujjuya ma'aunan a kan fallen, ya ga yadda zai fid da ɓangarori da yawa ba tare da ya bar guntaye ba. Duro kuɗi ne, guntun da aka yar ma kuɗi ne.

Ma'auni ya sake wani abu kuma. Da, maigida ne kaɗai ke iya fid da siffa, yara sai zuga da miƙo masaba. Yanzu yaron da ya yi wata biyu a rumfa yana iya zane. Sai aka raba aiki: wannan yana daddale duro, wannan yana zane, wancan yana yanka, wani yana lanƙwasawa. Ba a yin murhu ɗaya a gama kafin a kama na biyu. A yanke bango ashirin, a yanke gindi ashirin, sa'an nan a haɗa. Maigida yana zaune a ƙarshe da tukunya a hannu, yana saka ta cikin kowane murhu. Wanda bai yi daidai ba, a mai da shi.

Irin wannan dabara ce ta ɗaukaka wani Ba'amurke mai ƙera motoci, Henry Ford. A 1908 ya fito da wata mota mai sauƙin kuɗi. A 1913 ya shirya ma'aikatarsa yadda motar ce ke tafiya a hankali a gaban ma'aikata, kowa yana tsaye wuri guda yana ɗaura abu guda. Haɗa mota ɗaya, wanda ke cin fiye da awa 12, ya koma misalin awa ɗaya da rabi. Kuɗin mota ya faɗi, ya sayar da wajen miliyan 15. Amma ya shagala da gyaran hanyar aiki, ya ƙi sake motar. Abokan gasarsa suka fito da sababbi, masu saye suka juya. A 1927 dole ya rufe ma'aikatar watanni kafin ya fito da wata.

Bari in ba ku nawa labari. Da na kama aiki, na sayo wa innata murhun ƙarfe irin wannan. Na yi mata bayani kamar ina cikin aji. Ta yi godiya. Da na dawo hutu, na tarar da shi a bayan ɗaki, kaza tana kwanci a ciki. Na ce, "Inna, me ya faru?" Ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa tuƙa tuwon mutum goma sha biyu? Zo ka riƙe muciya." Na riƙe. Tuƙi biyu, murhu ya karkace, saura kaɗan tukunya ta kife mini a ƙafa. Duwatsu uku ba su motsi, shi kuwa wannan ba ya da nauyi. Ta ƙara da cewa tukunyarta ma ba ta zauna daidai a ciki ba.

Na ɗauki murhu da tukunya na kai wa wani tsohon maƙeri a garinmu. Ya juya su, ya juya, ya ce, "Mushe, lambar tukunyar nan 3, murhun ma 3. Amma wanda ya zuba tukunyar nan, 3 ɗinsa ba 3 ɗin kowa ba ce." Gaskiyarsa. Masu zubin tukwane suna narka tsohon alminiyum, su zuba cikin ƙasa da aka danna a jikin wata tukunya. Kowa da tukunyar da yake kwafa, saboda haka lamba ɗaya tana iya bambanta daga rumfa zuwa rumfa. Tsohon ya buɗe bangon kaɗan, ya yi wa gindin kunnuwa biyu inda za a kafa turakun ƙarfe a ƙasa. Inna ta yi aiki da shi har ya ruɓe. Amma da sanyi takan koma ga duwatsunta, don jikoki su ji ɗumi, kuma ban ga laifinta ba.

Tun daga ranar nake cewa, wanda bai taɓa tuƙa tuwo ba, kada ya ƙera murhu sai ya zauna kusa da mai tuƙi.

Kuna iya gwada murhu a makaranta. Ku samo tukwane biyu masu girma ɗaya, ku zuba wa kowace ruwa lita 3. Ku auna itace iri ɗaya, kilo 2 nan, kilo 2 can. Ku aza ɗaya bisa duwatsu, ɗaya bisa murhun ƙarfe, a wuri guda, a lokaci guda. In ruwa ya tafasa, ku kashe wuta da rairayi, ku auna itacen da ya rage. Kada ku tsaya a gwaji ɗaya. Ku yi sau uku, ku rubuta, don iska ko ɗanyen itace suna iya ruɗin mutum. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Famfo a kwarin Tarka

Wani lokaci kaya yana da kyau, an ƙera shi daidai, amma zamani ya wuce shi da sauri. Masu albasa na kwarin Tarka, a ƙasar Madawa, sun ga haka.

Ruwa ba ya da nisa a fadamar. Da, kowace shekara sai an gina ƴan rijiyoyi cikin rairayi, a riƙa ɗibar ruwa da ƙwarya ko guga ana zubawa a fangali. Damina ta zo, rijiya ta rushe. Daga ƙarshen shekarun 1980 wani shiri na kwarin Tarka, da kuɗin ƙasashen Turai, ya yaɗa wata hanya. Ana huda ƙasa da dogon ƙarfe mai baki, ana juya shi da hannu. In an kai ruwa, a zura bututun roba wanda aka tsattsaga ƙarshensa da zarto. Mutane kaɗan suna gama rijiya a yini guda, kuma ba ta rushewa. Samari suka koya, ta zama sana'arsu.

Amma guga ba ya shiga bututu, sai famfo. Daga 1997 aka koya wa masu walda na Nijar ƙera famfon da ake takawa da ƙafa, aka sa masa suna Niyya da Ƙoƙari. Ba ya shan mai, a gida ake yinsa, a gida ake gyaransa. Irin wannan famfo, da injin mai ma, suna jawo ruwa ne daga zurfin da bai wuce mita 7 ko 8 ba. Dalili, nauyin iskar da ke kanmu ne ke tura ruwa cikin bututu, kuma ƙarfinta iyaka gare shi.

Ba a daɗe ba, ƙananan injunan ban ruwa na ƙasar Sin suka shigo ta Najeriya da araha, ga man fetur na bakin iyaka shi ma da araha. Wa zai yini yana taka famfo alhali inji yana cika fangali yana zaune? Mai waldan da ya dogara ga famfon ƙafa kaɗai ya rasa masu saye. Wanda ya koyi kwance inji da ɗaura shi ya sami sabon abinci. A 2023 Najeriya ta janye tallafin mai, fetur ya yi tsada. Sai ga masu gyara suna juya injuna su yi aiki da gas ɗin girki, waɗansu manoma kuma suna sayen famfo mai aiki da hasken rana. Wanda ke da shekara 50 a kwarin nan ya ga ƙwarya, ya ga famfon ƙafa, ya ga inji, ya ga faifan rana, duk a gona ɗaya.

Ma'aikatar siminti ta Malbaza

In kun tashi daga Madawa kuka nufi Ƙonni, bayan kun wuce Galmi za ku hango dogayen gine-gine. Ma'aikatar siminti ce ta Malbaza. An kafa ta a nan saboda farin dutsen da ke wurin. Shekaru miliyoyi da suka wuce, teku ne ya rufe ƙasar Adar. Ɓawon halittun cikinsa ne ya taru ya zama wannan dutse. Shi ya sa kuke tsintar duwatsu masu siffar katantanwa a kan tudu, inda ba ko tabki.

Ga yadda ake siminti. A fasa farin dutse, a haɗa shi da yumɓu, a niƙa su lilis. A zuba garin cikin wani dogon bututun ƙarfe mai juyawa, wanda wuta ke ci a cikinsa. Zafin yana kai digiri 1450. Ku tuna, ruwa yana tafasa a 100, alminiyum yana narkewa a 660. Garin ya fito ya zama ƴan dunƙule-dunƙule masu tauri. A bar su su huce, a sake niƙa su tare da ɗan wani dutse mai ƙyalli kamar gilashi, wanda ake kira jibsi. Ba don shi ba, da siminti ya daskare tun magini bai ɗauki cokalinsa ba. Ana samun wannan dutse a ƙasashen Madawa da Buza da Keita. Shekara da shekaru talakawa, yawancinsu mata, suna tono shi da hannu suna tarawa, ƴan kasuwa suna saye suna kai wa ma'aikata. Aiki ne mai wuya, ladansa kaɗan, kuma bai kamata a ga ɗan makaranta a raminsa ranar karatu ba.

Tsohuwar ma'aikatar ta fara aiki a 1966. An gina ta don ta yi misalin tan 40.000 a shekara. Tan guda buhu 20 ne na kilo 50, ke nan buhu 800.000. Da farko ta gwamnati ce, a 1998 aka sayar wa ƴan kasuwa. Garuruwa suna girma, ita kuwa ba ta girma ba, sai ya zama yawancin simintin da ake gini da shi daga waje yake zuwa. A ƙarshen 2018 sabuwar ma'aikata ta fara aiki a gefen tsohuwar, an gina ta don tan 650.000 a shekara. Ku yi lissafi: buhu nawa ke nan? Sau nawa ta ninka ta farko?

Simintin da ke cikin buhu bai bambanta sosai da na 1966 ba. Hanyar aiki ce ta sake. A ma'aikatun zamani ba a barin zafin da ke fita daga bututu ya tafi banza. Ana bi da shi ta cikin doguwar hasumiya, ya gasa garin tun kafin ya shiga wuta, sai a rage abin da ake ƙonewa. Akwai kuma ɗakin gwaji. Dare da rana ana ɗibar gari ana aunawa. Ana kwaɓa siminti a yi ƴan tubala, a ajiye su kwana 28, a matse su da inji har su fashe, a rubuta ƙarfin da suka ɗauka. Ku duba jikin buhun siminti, za ku ga lamba kamar 32,5 ko 42,5. Daga wannan gwaji ta fito. Aikin da maigidan rumfa ke yi da tukunya a hannu, shi ne wannan.

Me ya sa aka yi fiye da shekara 50 kafin a sake ma'aikatar? Maƙeri yana iya gwada sabon abu da guntun ƙarfe bayan la'asar. In bai yi ba, ya mai da shi wuta, hasararsa gawayi. Ma'aikata kuwa sai ta nemo kuɗi masu yawan gaske, ta yi shekaru tana gini, ta koya wa ma'aikata sababbin injuna. In aka yi kuskure a nan, ba a mai da shi wuta.

Lissafin maigida

Mu koma rumfa. Maigidan da ke son shigo da sabon abu yana da tambayoyi a gabansa. Wa zai saya, kuma yaushe yake da kuɗi? A ƙasarmu kuɗi suna shigowa da kaka da lokacin albasa. Wanda ya ƙera amalanke biyar a tsakiyar damina zai zauna yana kallonsu, kuɗin ƙarfensa a kwance. Mai hankali yakan yi ɗaya ko biyu, ya ba wanda ya amince da shi, ya jira ya ji ƙorafi. Ba ya kuma barin hauya da lauje, don su ne ke ciyar da gida kafin sabon ya kama.

Akwai maganar mutane. Babban yaron da ya yi shekara goma yana koyon aiki da ido ba zai ji daɗi ba ran da aka ce ƙaramin da ya zo jiya yana iya zane da ma'auni. In ba a ba shi wani matsayi ba, kamar duba aikin sauran, zai ɓata rai ko ya tafi. Ku ma kun san inda samarin Adar ke tafiya: biɗa, zuwa Abijan, ko Legas, ko Libiya. Da yawa a can suke koyon walda da gyaran inji. Waɗansu sukan dawo da injin walda su buɗe rumfa a bakin hanya, waɗansu ba su dawowa. Masu saƙar tabarmar Madawa ma suna da tasu damuwa, tun da tabarmar roba ta shigo kasuwa: ko su rage kuɗi, ko su yi irin adon da inji ba ya yi.

Abin da na ga ya fi ƙaranci a rumfunanmu shi ne littafi. Maigida yana riƙe kome a ka: nawa ya sayi duro, murhu nawa ya fita daga ciki, wa ya dawo da kaya, saboda me. Kai yana mantuwa. Na san mai waldan da ya yi shekara yana sayar da ƙofofi, sai da ɗiyarsa ƴar aji biyar ta rubuta masa kuɗin ƙarfe da na wuta da na fenti, suka tarar a kan kowace ƙaramar taga faɗuwa yake yi. Bai daina tagogi ba. Ya sake yadda yake yanka ƙarfen, ya riƙa fid da su daga ragowar ƙofofi.

Kasuwa mai zuwa, ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi rumfa guda: maƙeri, ko mai walda, ko mai zubin tukwane, ko mai saƙar tabarma. Ku yi sallama, ku ce, "Baba, malaminmu ne ya aiko mu," ko "Inna," in mace ce. Ku jira sai an sarara. Ku tambaya: wane kaya ake yi yanzu wanda iyayensu ba su yi ba? Wane kaya ne na da wanda aka sake hanyar yinsa? Me aka taɓa gwadawa aka bari? Masu zuwa wurin tukwane su tafi da zare, su auno bakin tukunya lamba 3 a rumfa biyu dabam, su ƙulla alama. Ran Litinin za mu shimfiɗa zarurrukan bisa tebur mu aza musu abin awo.